Juyi 460 a Minti, Ba Ƙari

A wasan kwamfutar nan Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya ƙirƙiro, mutum ne ke haɗa jirginsa ko motarsa da kansa, guntu-guntu, sannan ya gwada ko za ta tashi. A 2019 aka ƙara masa wani sashe mai suna Breaking Ground, wanda ya zo da injinan juya farfela. To, komai wutar da ka ba waɗannan injina, ba sa wuce juyi 460 a minti ɗaya. Abin da ya ɓata wa ɗan yayata rai ke nan da ya zo hutu Danja da kwamfutarsa. "Kawu," in ji shi, "ai injin ban ruwan fadamarmu ya ninka wannan kusan sau takwas. Rowa ce kawai."

Lissafinsa daidai ne, don ƙananan injinan fetur da muke jan ruwa da su a noman rani suna kai juyi 3,600 a minti. Amma ba rowa ba ce.

Kwamfuta ba ta bin motsi a miƙe yadda ido ke bin sa. Leƙe take yi ta kau da kai. Wannan wasan yakan leƙa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane leƙe ya lissafa inda kowane guntu ya koma. A juyi 460, farfela takan ci wajen kashi ɗaya bisa bakwai na zagaye tsakanin leƙe da leƙe, kuma lissafi na iya riƙe wannan. A 1,500 rabin zagaye take yi, sai a kasa gane daga leƙen kaɗai gaba ta yi ko baya. A 3,000 kuwa, duk leƙen da ta yi a wuri ɗaya za ta same ta, kamar ba ta motsa ba. Wanda ya taɓa ɗaukar fanka a bidiyon waya ya ga tana komawa da baya ya riga ya ga wannan ruɗanin. Tun ma kafin a kai can, mahaɗan da ke riƙe da fukafukai sukan fara miƙewa a lissafi, jirgi ya kama makyarkyata, ya tarwatse. Shi ya sa aka sa shinge nesa da bakin rami.

Namu na ƙarfe ma yana da shingensa, sai dai ba kwamfuta ta gindaya shi ba. A cikin injin ban ruwa da janareta akwai ɗan abin da makanikai ke kira gwamna. Wasu ƙananan nauyaye ne da ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, su ja sanda, sandar ta rage mai. Sifirin kuma yana ja ta ɗaya ɓangaren. Inda suka daidaita, nan injin zai tsaya da gudu. Janaretan gida an saita shi a 3,000, domin a nan ne yake ba da wutar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, irin wadda kayan lantarkin Najeriya ke buƙata. Ka ɗaga masa murya, ƙwan fitila ya yi haske na ɗan lokaci, caja ta ƙone.

A watan Maris, lokacin da ruwa ya ja baya, tumatir ya fara langaɓewa da rana, manomi kan ɗauki injinsa a bayan babur ya kai wa makanike ya ce a ƙara masa wuta. Na tsaya na ga yadda ake yi: a lanƙwasa wurin da sifirin ya maƙale, ko a ɗaure sandar da waya, a ja igiya, injin ya ɗauki wata siririyar ƙara, mai shi ya yi murmushi. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, ƙarfin da famfo ke nema ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a juyi yana neman ƙarin ƙarfi na wajen kashi 33, kuma daga tankin mai za a biya. A tsadar fetur ta yanzu, ban ga ribar ba. Wani dattijon makanike da na sani ba ya yarda ya taɓa. "Malam," yakan ce, "in ruwa ya yi nisa, saukar da injin kusa da shi, ka duba tiyo ko yana shan iska."

Haɗarin da ya fi wannan yana wurin masu walda. Ƙarfin da ke neman yaga abu mai juyi yana ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. A jikin kowane faifan yankan ƙarfe an rubuta iyakarsa: ƙarami mai milimita 115 yakan ɗauki juyi 13,300 a minti, babba mai milimita 230 kuwa wajen 6,600. Wanda ya cire murfin kariya ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji ya tura shi can gaba da abin da aka rubuta, kuma fuskarsa ce mafi kusa. A wasa, in jirgi ya tarwatse, maɓalli ɗaya ake dannawa a sake.

Masu injin niƙa da na casar masara sun daɗe da sanin hanyar da ta fi. Ba sa matsa wa inji. Fuli suke sauyawa. Fulin inci uku a jikin inji ya ja na inci shida da bel, gudu ya ragu rabi, ƙarfin murɗa ya ninka. Injin matsar rake na masu mazarƙwaila haka yake, a hankali ƙarafansa ke juyawa, kuma da haka suke tatse rake ƙarƙaf. Gwanayen wasan su ma a nan suka tsaya: su bar inji a 460 ɗinsa, su riƙa sauya karkatar fukafukan farfela yayin da jirgi ke ƙara sauri, kamar yadda ake yi a jiragen farfela na gaske, inda matuƙi ke da sandar mai daban, ta karkatar farfela daban.