Me ya sa sulke ke wahalar zanawa da fentin mai?

A ce kai mai zane ne a Kalgo, aka kawo maka aikin hoton wani barde na masarautar Gwandu, sanye da sulke da kwalkwali, dokinsa cikin lifidi. Abin da zai fara zuwa maka shi ne neman fenti mai launin ƙarfe. To, a nan ake faɗuwa. In ka shafe sulken da ruwan toka, barden zai fito kamar ya sa rigar buhu.

Sirrin yana wurin haske. Lifidi yadi ne da aka cusa wa auduga aka ɗinke, fuskarsa ba santsi, don haka yana watsa haske ta ko'ina, launinsa ɗaya duk inda ka tsaya. Gogaggen ƙarfe kuwa ɗan'uwan madubi ne, abin da ke kewaye da shi yake nuna maka: shuɗin sama, jar ƙasa, koren rawanin na kusa. Ka ga ke nan ba ƙarfen za ka zana ba, abin da ya faɗo a kansa za ka zana. Mai zanen nan Jan van Eyck ya gane haka. A hoton da ya kammala a 1436, wanda ke birnin Bruges na Beljiyam, har jajayen tufafin mutanen gefe ana gani a jikin kayan yaƙin ƙarfen.

Sulke zobba ne dubbai, kowanne ɗan ƙaramin madubi mai lanƙwasa. Kar ka ce sai ka zana su ɗaya bayan ɗaya. Fara da shimfiɗa mai duhu, sannan ka ɗiɗɗiga fari a inda rana ta bugi kafaɗa da ƙirji. Idon mai kallo zai cike sauran.

Sai batun man. Fentin mai ba ya bushewa irin na wanki a igiya. Man linsid da ke cikinsa haɗuwa yake da iskar oksijin, a hankali ya daskare, abin da ke ɗaukar kwanaki. Wannan jinkirin ne ke ba ka damar narkar da duhu cikin haske. Amma kar tsada ta sa ka sirka da man gyaɗa, shi ba ya daskarewa, hoton zai yi ta danƙo. Kuma in lokacin hunturu ne, ka jingina hoton yana fuskantar bango, don ƙurar da ta manne a ɗanyen fenti ta zauna ke nan.