Karatun Littattafan Tarihin Yaƙi da Bore: Misali daga Garwa da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ba ya rabuwa da littattafan tarihi. Mai nazarin rubutattun waƙoƙi yana buƙatarsu, haka mai fassara, haka ma wanda aka ba aikin shirya labari a gidan rediyo. Matsalar ita ce, yawancin littattafan da suka yi magana a kan yaƙe-yaƙen zamani da boren birane a wannan yanki namu ba da Hausa aka rubuta su ba, kuma ba don Hausawa aka rubuta su ba. Idan ɗalibi ya ɗauko irin wannan littafi ya juya shi zuwa Hausa yadda ya same shi, to tare da labarin ya kwaso har da hukuncin da marubucin ya yanke wa mutanen da ke cikinsa, sau da yawa ba tare da ya sani ba.

Wannan takarda ta ɗauki garin Garwa a matsayin misali. Garwa tana bakin kogin Binuwai, kimanin kilomita 100 gabas da Yola. Kafin zuwan Turawa tana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ne, wato cikin Daular Usmaniyya ta Sakkwato. Fulatanci ne ke kan gaba a garin, amma Hausawa fatake da malamai sun daɗe a cikinsa. An gwabza faɗa a kan wannan gari sau huɗu cikin shekara 14, wato a 1901 da 1907 da 1914 da 1915, kuma an ba da labarin waɗannan faɗace-faɗace da Jamusanci da Ingilishi da Faransanci da Fulatanci. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan dacewa da kwatanta bakin masu ba da labari.

2.0 Kalmomin da Muke da Su

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a dubi kayan aikinmu. Hausa tana da yaƙi, da tawaye, da bore, da tarzoma, da zanga-zanga, da juyin mulki, da juyin juya hali, da kuma jihadi. Waɗannan kalmomi ba tagwaye ba ne. Idan aka ce yaƙi, an amince ke nan cewa ɓangarori biyu ne masu iko da kansu suka kara. Idan aka ce tawaye, an riga an yarda cewa akwai halattaccen shugaba wanda aka fita daga biyayyarsa. Bore ya fi karkata ga ƙin yarda da wani umurni, ko da masu yin sa ba su da niyyar karɓe mulki. Ita kuwa tarzoma, mai faɗinta yana nuna cewa abin ba shi da kai ba shi da gindi, taron fusatattu ne kawai. Saboda haka duk wadda mai fassara ya zaɓa daga cikinsu, ya ɗauki matsayi, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

3.0 Daga Lamiɗo Zubairu zuwa Goni Wadai

A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya fice ya nufi gabas, zuwa ɓangaren ƙasarsa da Turawa suka riga suka yanka wa Jamus a takarda. A watan Nuwamba ya kara da Jamusawa a Garwa, aka rinjaye shi. Ya wuce Marwa, inda a watan Janairu na 1902 rundunar Hans Dominik ta tarwatsa mahayansa da bindiga mai jigida. A 1903 aka kashe shi a ƙasar Lala.

Dominik ya ba da nasa labarin a littafinsa Vom Atlantik zum Tschadsee (1908), ma'ana daga Tekun Atilantika zuwa Tafkin Chadi. Sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu inda aka dosa: labarin tafiyar wani hafsa ne, Garwa da Marwa zango ne a kan hanyarsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Hausawa. Littafin yana da amfani wajen sanin hanyoyin da rundunar ta bi da irin makaman da ta riƙe, domin abin da marubucin ya sani ke nan da idonsa. Amma dalilin da ya sa mutane suka tunkari bindiga mai jigida a kan dawaki, ba a wurinsa za a neme shi ba.

Wannan sai a wurin masanan da suka zo daga baya. Sa'ad Abubakar ya wallafa The Lamibe of Fombina a Zariya a 1977, Martin Njeuma kuma ya fitar da Fulani Hegemony in Yola a 1978. Dukkansu sun dubi al'amarin daga cikin masarautar, a wurinsu Zubairu sarki ne da aka ci ƙasarsa da yaƙi. Abin lura shi ne shekarun da suka sa a jikin sunayen littattafan: dukkansu sun fara daga 1809, amma Abubakar ya tsaya a 1901, Njeuma kuwa a 1902. Ana iya cewa ɗan Nijeriya ya rufe labari da faɗuwar Yola, ɗan Kamaru kuwa ya jira har aka yi ta Marwa. Iyakar da Turawa suka shata ta shiga har cikin bangon littafi.

Akwai kuma baki na uku, wato tarihin baka. Kurt Strümpell, wanda ya yi Razdan na Jamus a Adamawa, ya tattara irinsa ya buga a 1912. R. M. East, wanda ɗaliban Hausa suka sani ta hanyar Hukumar Talifi ta Zariya, ya fitar da Stories of Old Adamawa a 1934, da Fulatanci da fassarar Ingilishi. Mafi muhimmanci ga Garwa shi ne aikin Modibbo Ahmadu Bassoro da Eldridge Mohammadou, wanda aka buga a Faris a 1980 da sunan Garoua: tradition historique d'une cité peule du Nord-Cameroun. Shi Mohammadou haifaffen Garwa ne, ya ƙare aikinsa a Jami'ar Maiduguri, ya rasu a 2004. Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka cewa da zarar an ce tarihin baka an kuɓuta daga son rai. Yawancinsa daga fada da gidajen malamai aka ji shi. Falawa da Batawa, waɗanda Fulani suka tarar a wurin, sukan fito a irin wannan labari ne a matsayin waɗanda aka ci da yaƙi. Abin da fada take zargin Bature da yi mata, ita ma ta yi wa wasu.

Inda zaɓen kalma ya fi wuya shi ne 1907. A wannan shekara wasu malamai biyu suka tashi da kiran Mahadiyanci: Malam Alhaji a wajen Marwa, Goni Wadai kuma ya taho da jama'arsa ya nufi Garwa. A watan Yuli aka murƙushe su, Goni Wadai ya mutu a fagen fama, daga baya Jamusawa suka rataye wasu shugabannin Fulani da suka mara masa baya a Garwa. Shekara ɗaya ke nan da abin da ya faru a Satiru kusa da Sakkwato. Ga Bajamushe wannan tawaye ne. Ga mabiyan Goni jihadi ne. Ga sarakunan da suka riga suka daidaita da sabon mulki kuwa fitina ce. Lovejoy da Hogendorn (1990), da suke nazarin Satiru da takwarorinta, sun jingina wa irin wannan Mahadiyanci siffar juyin juya hali, saboda ya haɗa da talakawa da bayi masu gudu, kuma bai bar sarakuna ba. A ganina, mai fassara da ya rubuta "tawayen Goni Wadai" ba tare da wani bayani ba ya amince ke nan cewa mulkin da Jamus ta kafa da bindiga shekara shida kafin nan ya riga ya zama halattacce.

4.0 Garwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Nan ne littattafai suka fi yawa, domin a wannan karon Turawa ne suka yaƙi juna, kowannensu kuma yana da ma'ajiyar takardu da maɗaba'a.

Ga abin da ya faru a gajarce. Jamusawa sun kewaye Garwa da sansanoni da ramuka da waya mai ƙaya. A ƙarshen watan Agusta na 1914 wata runduna ta taso daga Yola ƙarƙashin Laftanar-Kanar Maclear ta kai hari da dare, ta kama sansani ɗaya, amma da gari ya waye aka fatattake ta, aka kashe Maclear, saura suka koma Yola. Ganin haka Kyaftin von Crailsheim, kwamandan Garwa, ya riƙa kai farmaki cikin Nijeriya, har ya auka wa Gurin a watan Afrilu na 1915. Daga nan Kanar Cunliffe ya haɗa ƙarfi da Faransawa ƙarƙashin Brisset, aka hauro da igwa ta jirgin ruwan yaƙi ta Kwara da Binuwai, aka yi wa garin zobe. An fara ruwan wuta ranar 31 ga Mayu. Ranar 10 ga Yuni Garwa ta miƙa wuya. Dutsen Mora ne kaɗai ya ci gaba da turjiya a arewa, ƙarƙashin Kyaftin von Raben, har 18 ga Fabrairu na 1916.

Hukumar Ingila ta ba da nata labarin ta hannun Janar F. J. Moberly a littafin Military Operations: Togoland and the Cameroons (1931), wanda aka gina a kan rahotannin hafsoshi. Janar Aymérich na Faransa ya rubuta La conquête du Cameroun (1933). Sai Hans Surén, ɗaya daga cikin hafsoshin Jamus da aka kama a Garwa, ya fitar da Kampf um Kamerun: Garua a 1934. A lura da wannan shekara. Shekara ɗaya ke nan da hawan Hitila mulki, lokacin da ake ta kiraye-kiraye a Jamus cewa a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙi. Littafin da ya fito a irin wannan yanayi ba tunawa da baya kaɗai yake yi ba, hujja yake kafawa. Na Ingila da na Faransa su ma haka, domin a lokacin su ne ke riƙe da Kamaru, kowa da rabonsa.

Yanzu sai a tambaya: su wane ne suka yi faɗan? Turawan da ke kowane ɓangare 'yan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogi 'yan Afirka ne, haka masu dakon harsashi da abinci, haka waɗanda suka ja igwa. A rundunar Nijeriya da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Har ma ƙarshen yaƙin Garwa su ne suka kawo shi. Da ruwan igwa ya tsananta, sojojin Afirka na ɓangaren Jamus suka ƙi ci gaba da faɗa, wasu suka faɗa Binuwai don su tsere, da yawa suka nutse. Sai da kwamanda ya ga ba shi da sauran mayaƙa sannan ya ɗaga farar tuta. A harshen soja wannan tawaye ne, laifin da hukuncinsa kisa ne. Amma idan aka duba daga wajen mutumin da ya bar garinsu don albashi, aka sa shi cikin rami ana yi masa luguden wuta a kan rigimar da aka ƙulla a Turai, kalmar bore ta fi kusa da gaskiya, watakila ma ceton rai kawai za a ce. Sunayen hafsoshin Turawa da suka mutu a Garwa suna nan a rubuce. Na waɗanda suka nutse a kogi adadi ne kawai.

Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da sunansu ya tsira shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja ne a rundunar Jamus a Kamaru, ya sami lambar yabo ta Jamus, aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya. Ya yi wa Ingila yaƙi a Gabashin Afirka, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Biyu har Bama, ya kai muƙamin samanja na bataliya, aka ba shi kyaftin na girmamawa da ya yi ritaya a 1953. Barikin soja na Lakwaja yana ɗauke da sunansa. Rayuwar wannan mutum ɗaya ta isa ta rushe zancen cewa sojojin nan suna faɗa ne don ƙaunar Kaisa ko Sarkin Ingila. Wanda yake son ganin yaƙin daga ɓangaren Nijeriya, da abin da ya jawo wa talakawa na ɗaukar soja da dako, sai ya nemi Nigeria in the First World War na Akinjide Osuntokun (1979).

5.0 Bayan Mulkin Kai

Faɗa na gaba da ya shafi Garwa ba a cikinta aka yi shi ba. Ahmadu Ahijo, haifaffen garin, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya miƙa wa Paul Biya, ba a daɗe ba suka ɓata. Ranar 6 ga Afrilu na 1984 wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, yawancinsu 'yan Arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde. Aka murƙushe su cikin 'yan kwanaki, aka harbe da dama bayan shari'ar soja, aka tsare wasu 'yan Arewa masu yawa, farar hula da soja. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, a can aka binne shi.

Henri Bandolo, ɗan jaridar da ya yi aiki a kafafen gwamnati, ya ba da labarin wannan rikici a La flamme et la fumée (1985), daga ɓangaren wanda ya yi nasara, kuma a lokacin da waɗanda aka kama suke kurkuku. Sai a 1994, bayan an yi afuwa an kuma buɗe fagen jam'iyyu, Philippe Gaillard ya fitar da tarihin rayuwar Ahijo, wanda a jikin sunansa ma ya kira shi mai kishin ƙasa kuma mai mulkin kama-karya. Shekara tara ce tsakanin littattafan biyu, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya ya ji rabin zance.

Cikin waɗanda aka tsare bayan 1984 akwai Issa Tchiroma Bakary, shi ma ɗan Garwa, wanda ya yi kimanin shekara shida a tsare, daga baya ya zama minista a gwamnatin Biya. A zaɓen 12 ga Oktoba na 2025 ya tsaya takara da Biya, ya ce shi ya ci, Majalisar Tsarin Mulki kuwa ta ba Biya nasara ranar 27 ga wata. Jama'a suka fito kan tituna a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. Gwamnati ta kira abin yunƙurin tayar da ƙayar baya, magoya bayan Tchiroma suka ce kare ƙuri'arsu suke yi. Wanda zai rubuta tarihin waɗannan kwanaki zai tarar da sanarwar ma'aikatar cikin gida a gefe ɗaya, da hotunan bidiyo na wayoyin hannu a ɗaya gefen, wasu da Fulatanci, wasu da Faransanci, wasu da Hausa.