Yadda Yaƙin Hitila Ya Riski Hausawan Ƙasa Mai Tsarki

Duk wanda ya san tarihin Dir'iyya, garin da Ibrahim Basha ya rushe a 1818 ya bar kangayen Ɗuraif a bakin Wadi Hanifa, zai iya cewa ƙasar Najadu ta riga ta sha rabonta na yaƙi tun a wancan ƙarni. Kuma haƙiƙa a Yaƙin Duniya na Biyu babu rundunar da ta ratsa wannan kwari, domin Sarki Abdul'aziz ya tsame daularsa daga fitinar, bai shelanta gaba da Jamus ba sai a farkon 1945. Amma duk da haka, a fadarsa ta Riyad, kusa da Dir'iyya, akwai ma'aikatan da ke sauraron rediyon Landan da na Balin suna karanta wa Sarki labarin kowane fage, saboda baitulmalinsa a zamanin ya dogara ne ga alhazai, su kuwa alhazai sun dogara ga jiragen ruwa.

A nan ne al'amarin ya shafe mu. Mutanenmu da Larabawa ke kira Takarir sun saba fita daga Kano ko Katsina a ƙasa, su bi ta Maiduguri da Fort Lami da Abeshe, su shiga Sudan ta Junaina da Fashir da Ubayyid, su tsaya shekara da shekaru suna ƙwadagon auduga a Jazira ko su sauka wurin dangi a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan waƙi'ar Burmi ta 1903, sai guzuri ya taru sannan su ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, alhali tana da jiragen yaƙi a Masawwa, sai Bahar Maliya ta zama wurin hatsari. A Yuli sojojinta suka kama Kasala, a Oktoba jiragenta na sama suka jefa bom a Baharain da Zaharan. A baya kuma hanya ta rabu biyu, domin Chadi ta bi Janar de Gol a Agusta 1940, Nijar ta zauna a hannun gwamnatin Faransa ta Bishi har Nuwamba 1942, wato mutumin Damagaram ko Maraɗi ya wayi gari iyakar da ya saba ƙetarewa ta zama ta abokan gaba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne halin waɗanda yaƙin ya rutsa da su a Makka da Madina da Jidda. Yawancinsu talakawa ne, 'yan ga-ruwa da 'yan dako da masu wanki da mata masu sayar da abinci, waɗanda cinsu da shansu na shekara yana rataye da lokacin aikin hajji. Da baƙi suka ragu ƙwarai, shinkafa ta yi tsada bayan Japan ta mamaye Bama a 1942, fari kuma ya auka wa Ƙasa Mai Tsarki, sai wanda ya zo da niyyar sauke farali ya koma gida ya rasa kuɗin jirgi, wani lokaci ya rasa jirgin ma. Ba su da rediyon da ke magana da harshensu, domin sashen Hausa na BBC bai fara ba sai 1957, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, wadda Malam Abubakar Imam ke shiryawa a Zariya tun 1939, tana nesa da su. Saboda haka labarin faɗuwar garin Keren daga hannun Italiya ko nutsewar jirgi yakan iso musu ne daga bakin ɗan kasuwa ko matuƙin kwalekwale, ya zama tafsirinsa a wurinsu shi ne farashin mudu.

Cikin hikimar Ubangiji, 'yan'uwansu na cikin waɗanda suka karya Italiya a wancan yanki. Rundunar Nijeriya, wadda Hausa ce harshen barikinta, ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta wuce zuwa Harar. Masawwa ta faɗi a Afrilu, ragowar jiragen Italiya wasu aka nutsar da su, wasu matuƙansu suka hallaka su da kansu a gaɓar Hijaz. Teku ta buɗe, amma jirage sun tafi ɗaukar soja da makamai, ƙuncin bai yaye ba sai da tallafin Ingila, da na Amurka daga 1943.

A ganina waɗannan shekaru suna cikin dalilan da suka mai da baƙo ɗan gari, har zuriyar da ke amsa sunan Alhausawi ta yaɗu daga unguwannin Misfala da Jarwal na Makka zuwa Riyad. Littattafan Turawa sun ƙididdige kowane jirgi da ranar nutsewarsa, sun yi shiru game da waɗannan bayin Allah. Ina roƙon ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Riyad da Madina su nemi dattawan waɗannan gidaje, su rubuta abin da suka ji daga iyayensu tun suna raye.