Nauyin Haraji: Daga Unguwar Dala Zuwa Sauran Ƙasashen Duniya

Direban Keke Napep da ya fito da sassafe daga unguwar Dala zuwa Kasuwar Monday a Maiduguri ba zai yi nisa ba sai ya yanki tikitin ranar. In ya tsaya ya sayi kati ko data, harajin kayan masarufi, wato VAT, na cikin kuɗin. In ya tura naira 10,000 ta banki, naira hamsin ta tafi a haraji. Da yamma idan aka ce masa Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin haraji a duniya, dariya zai yi. Amma a lissafin masana tattalin arziki, maganar haka take.

Ma'aunin da ake kwatanta ƙasashe da shi ba wani mai wuya ba ne. Ana tattara duk abin da gwamnati ta karɓa na haraji a shekara, a auna shi da jimlar arzikin da ƙasar ta samar. A Faransa da Denmak rabon hukuma ya haura kashi 40 cikin ɗari. A Amurka yana wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Matsakaicin ƙasashen Afirka yana kusan kashi 16. Ita kuwa Nijeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2021 abin bai kai kashi 11 ba.

Ɗan Borno ba sai ya je Turai zai ga bambancin ba, domin jihar ta yi iyaka da ƙasashe uku. VAT a Nijeriya kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5. Falken da ya bi ta Damasak ya shiga Diffa a Nijar zai tarar da kashi 19. Wanda ya ƙetare gadar Gamboru zuwa Kamaru zai biya 19.25, a Chadi kuma 18. Alhazai ma sun san wannan labari: Saudiyya ba ta cire haraji daga albashi, amma tun 2020 duk tsarabar da aka saya a shagunan Makka da Madina da kashi 15 a kanta.

Harajin albashi shi ma ya sauya fuska. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsara su fara aiki da shigowar 2026. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan sai a fara da kashi 15, ana hawa mataki-mataki har kashi 25 ga mai samun fiye da miliyan 50. A ɗauki malamin makaranta mai albashin naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara. Miliyan ɗaya ne kawai za a taɓa, a cire 150,000, kusan kashi 8 na abin da ya samu, tun ma kafin a yi masa rangwamen fansho da na haya. A Denmak mai babban albashi kan bar fiye da rabin abin da ya hau saman albashinsa, ga kuma VAT na kashi 25 yana jiransa a kanti.

To me ya sa mutumin Dala ya fi ɗan Denmak kuka?

Amsar tana cikin abin da ke dawowa. Ɗan Denmak ya biya da yawa, amma asibiti da jami'a ba ya sa hannu a aljihu. Magidanci a Dala ya biya kaɗan ga hukuma, sannan ya sayi ruwa wajen 'yan ga-ruwa, ya biya kuɗin makarantar kuɗi, ya sayi magani, ya ba da nasa kason na 'yan sintirin unguwa. Da aka rusa turakun lantarki a hanyar Damaturu a farkon 2021, Maiduguri ta daɗe cikin duhu, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma kan janareta. Ba a rubuta waɗannan kuɗaɗe a kundin haraji, amma daga aljihu ɗaya suke fita. Ga kuma ƙananan tikiti na kasuwa da tasha da shingayen hanya, waɗanda mai tireda da mai babban shago kan biya kusan daidai, alhali cinikinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙorafin ba na yau ba ne. Dattawa na tuna zamanin haraji da jangali, lokacin da ake ƙirga kawunan mutane da na shanu. Ƙiyayyar da talakawa ke yi musu ce ta sa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su da hawansu mulki a 1979.

Muhawarar baya-bayan nan kuwa a kan rabo aka yi ta. A ƙarshen 2024 Gwamna Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume na Borno sun fito fili sun ƙi amincewa da ƙudurorin haraji, musamman tsarin raba kuɗin VAT da aka yi fargabar zai fifita Legas ya bar Arewa a baya. Bayan doguwar ja-in-ja, aka bar VAT a kashi 7.5, ba a kuma ɗora shi kan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu ba. Gwamnatin tarayya ta koma ɗaukar kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Daga wannan kaso na ƙarshe ne ƙananan hukumomin Jere da birnin Maiduguri ke samun wani ɓangare na kuɗin da ake sa ran zai zama magudanar ruwa da ɗakin shan magani a unguwanni irin su Dala.