Abinci da Kurajen Fuska: Abin da Bincike Ya Nuna

Kurajen fuska suna farawa ne daga ƙofofin gashi na fata. A gindin kowane gashi akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙon da ke tausasa fata. Idan maiƙon ya yi yawa, ya cakuɗa da matattun ƙwayoyin fata, sai ƙofar ta toshe. A nan ne wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes take hayayyafa, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya tara mugunya. Sinadaran balaga da ake kira androjin su ne ke ƙara yawan maiƙon, shi ya sa kurajen suka fi addabar samari da 'yan mata. Gado ma yana da hannu sosai a ciki.

Likitoci sun daɗe suna cewa abinci ba ruwansa da wannan matsala. Hujjarsu babba ita ce gwajin da aka yi a Amurka a 1969, inda aka ba mutum 65 cakulan da wata alewa mai kama da shi, ba a ga bambanci ba. Daga baya aka lura cewa ita ma alewar cike take da sukari da kitse, don haka kwatancin bai da ƙarfi.

Maganar ta sake tasowa a 2002, lokacin da Loren Cordain da abokan aikinsa suka ba da rahoton duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Papua New Guinea da mutum 115 na ƙabilar Ache a Paraguwai, ba su sami mai kuraje ko ɗaya ba. Cimar mutanen nan kifi ce da saiwoyi da 'ya'yan itace da naman farauta. A 2007 kuma, a birnin Melbon na Ostareliya, aka raba samari 43 gida biyu na tsawon mako 12. Waɗanda aka rage wa abinci mai saurin ɗaga sukarin jini, kurajensu sun fi raguwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farin burodi, lemon kwalba, alewa da shayi mai yawan sukari suna ɗaga sukarin jini da sauri, jiki ya saki insulin mai yawa. Insulin yana ƙara wani sinadari mai suna IGF-1, su biyun kuma suna zaburar da androjin da jakunkunan maiƙo. Wake, ganye da hatsin da ba a surfe sosai ba suna narkewa a hankali, ba sa jawo wannan hauhawa.

Batun madara bai kai wannan ƙarfi ba. Binciken Clement Adebamowo, ɗan Najeriya da ke aiki a Jami'ar Harvard a lokacin, ya duba mata fiye da 47,000 a 2005, ya ga alaƙa tsakanin shan madara da kuraje, musamman madarar da aka cire wa kitse. Amma matan sun dogara ne da abin da suka tuna sun ci a ƙuruciya, kuma ganin abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

Ita kuwa gyaɗa, wadda ake yawan ɗora wa laifi a ƙasar Hausa, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kanta. Man da aka ci ba ya bi ta jini ya fito a fuska. Abin da ya fi cancantar zargi shi ne man shafawa mai kauri da ke toshe ƙofofin gashi, da mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid, waɗanda su da kansu suke fesar da kuraje.

Gyaran cima na iya rage kuraje, amma ba ya maye gurbin magani. Duk wanda kurajensa suke da zurfi, suke ciwo ko barin tabo, ya daina matse su, ya je wurin likitan fata tun kafin tabon ya zauna.