Kuɗin obataim: wa ke kan layi?

A da, idan oga ya leƙo wajen ƙarfe biyar saura yana neman wanda zai tsaya, kowa sunkuyar da kai yake yi. Yanzu abin ya juya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka cinye albashi, aikin ƙarin lokaci ya zama abin da ake rububi. Ko da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a watan Yulin 2024, rububin bai ragu ba. A masana'antun Sharaɗa da Bompai, a kamfanonin gadi, a gidajen mai da ɗakunan jinya, ƙorafin iri ɗaya ne: su wane da wane kullum su ake kira, mu kuwa sai dai mu ga sun fi mu kauri a ƙarshen wata.

Lissafin ba shi da wuya. Mai karɓar naira 70,000 a aikin awa 40 a mako, awarsa ɗaya tana kamawa kusan naira 400. Idan kamfani yana biyan ninki ɗaya da rabi na kuɗin awa, awa 20 na obataim a wata za su kawo masa wajen naira 12,000. Wannan kuɗin makarantar yaro ne, ko kuɗin motar makonni. Saboda haka duk wanda ya ce ma'aikata suna rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba, bai taɓa jiran ƙarshen wata da aljihu wayam ba.

Da yawa sun ɗauka doka ce ta wajabta wannan ɗaya da rabin. A Nijeriya ba haka ba ne. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ce awannin aiki na yau da kullum ana tsayar da su ne ta hanyar yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta tattaunawar ƙungiya, ko ta hukumar tsara albashin masana'antu, kuma duk abin da ya ɗora a kan haka shi ne obataim. Ya tanadi hutun awa ɗaya ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, da hutun yini guda a kowane kwana bakwai. Amma bai faɗi nawa za a biya ba, balle ya faɗi yadda za a raba. Ɗaya da rabin da ake ta ambato dokar Amurka ce ta 1938. A Nijar doka ta tsayar da awa 40 a mako. A Ghana, dokar ƙwadago ta 2003 ta hana a sa ma'aikaci obataim sai idan wurin aikin ya riga ya tsayar da farashinsa. Tamu dokar kuwa tun shekarun 1970 take, kuma majalisu sun zo sun wuce ba wanda ya cike wannan giɓi.

Amma ba wannan kuskuren ne ya fi damuna ba. Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar obataim a matsayin alherin oga, abin da zai ba wanda ya ga dama ya hana wanda ya ga dama. Har ma'aikatan kansu sun yarda da haka. Za ka ji mutum yana cewa, "Allah ya saka wa oga, ya taimake ni da Asabar ɗin nan." Oga bai ciro ko sisi daga aljihunsa ba. Aikin na kamfani ne, kuɗin na kamfani ne, gumin na ma'aikaci ne. Abin da ke hannun oga amana ce ta rabo, kuma mai rabon amana ba a yi masa godiyar kyauta. Daga ranar da ma'aikata suka fara kallon obataim a matsayin kyauta, daga ranar aka buɗe ƙofar kai gaisuwa gidan oga, da kai masa tsegumin abokan aiki, da yin shiru idan injin ya lalace yana neman cin hannun wani. Wanda abincin 'ya'yansa ke rataye da fara'ar mutum ɗaya ba zai iya cewa a'a ba, ko da an sa shi abin da bai dace ba.

Inda doka ta yi shiru, al'adar wurin aiki ce ke magana, kuma kowane wuri da nasa ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Akwai ta girma: wanda ya riga shiga aiki shi ke fara zaɓa. Akwai ta nauyi: mai mata da 'ya'ya ya fi gwauro buƙata. Akwai ta sabon zuwa, wanda ake so ya yi haƙuri har ya kwana biyu. Kowacce tana da hujjar da ke shiga kunne, kuma ba na raina su. Sai dai a duba ta nauyin nan da kyau. Wa ya auna nauyin? Saurayin da ake cewa ba shi da kowa wataƙila shi ke sayen maganin mahaifiyarsa, shi ke biya wa ƙannensa uku makaranta, ga lefe yana tarawa. Macen da ake tsallakewa wai don tana da yara a gida, ba a ma tambaye ta ba, kuma mai yiwuwa ita ce ke riƙe da gidan. Ƙa'idar da ba a rubuta ba tana miƙewa ta lanƙwashe daidai da son wanda ke fassara ta, kuma mai fassarar kusan kullum shi ne mai riƙe da jadawali.

Ga kuma ɗaya fuskar da ba a cika faɗa ba. Obataim kala biyu ne. Akwai mai daɗi, na ranar Asabar da safe, aiki kaɗan kuɗi cikakke. Akwai na wahala, na daren Sallah, na ranar da lodi ya makara har ƙarfe biyun dare. Sau da yawa manya su kwashe na farko da sunan girma, su tura na biyu ga yara da 'yan kwantiragi da sunan horo. Idan girma ne ma'auni, to ya kamata ya hau kan duka biyun.

Abin mamaki, mun daɗe da sanin maganin wannan a tasha. Motar da ke kan layi ita ake wa lodi. Direba ya shigo, a rubuta lambarsa, ya jira har layi ya zo kansa. Ba a tambayarsa matansa nawa, ba a duba ko motarsa sabuwa ce. Idan layinsa ya zo ba ya nan, an wuce shi, sai ya koma baya. Kowa yana ganin allon ko littafin, shi ya sa ko ɗan kamasho ya so ya tsallakar da abokinsa, sai ya shirya amsa wa direbobi goma. Ana yin maguɗi a tasha, ba musu. Amma ana kiransa maguɗi, domin akwai layin da aka karya. A wurin aikin da babu layi, son kai ba shi ma da suna.

Leburorin tashar jiragen ruwa a gaɓar yammacin Amurka sai da suka zubar da jini kafin su samu irin wannan layi. Kafin 1934, sukan taru da asuba a bakin tasha, shugaban leburori ya fito ya nuna wanda yake so da yatsa. Wasu su yi aiki dare da rana har su faɗi, wasu su yi makonni ba a nuna su ba, masu son a nuna su kuma su ba da cin hanci. A ranar 9 ga Mayun 1934 suka shiga yajin aikin da ya kai kwana 83. Ranar 5 ga Yuli 'yan sanda suka harbe mutum biyu a San Faransisko, birnin ya tsaya cak da yajin gama-gari. Jagoransu a can, Harry Bridges, ya nace cewa ƙarin kuɗi ba zai wadatar ba muddin yatsan mutum ɗaya ne ke rabon aiki. A watan Oktoba hukuncin masu sasantawa ya ba su zauren ɗaukar aiki, inda wakilin ƙungiya ke tura mutane. Tsarin da suka bi daga baya mai sauƙi ne: wanda awanninsa suka fi na kowa ƙaranci, shi ake fara turawa.

Wannan tsari ya shiga yarjejeniyoyin masana'antu da dama a Amurka, kuma yana ɗauke da wani sharaɗi da mutane kan ƙi da farko. Idan layi ya zo kanka ka ce ba ka so, ana rubuta maka awannin kamar ka yi, ko da yake ba za a biya ka ba. Mutum zai ce ina adalci a nan? To a duba abin da zai faru in babu shi. Mai wayo zai riƙa ƙin na daren Sallah da na ranar ruwan sama, awanninsa su zauna ƙasa, ya kasance shi ne kan gaba duk ranar da mai daɗi ya fito. Rubuta masa awannin shi ke toshe wannan kafa. Kuma yana kare ma'aikaci ta ɗaya ɓangaren: wanda ya ƙi sau ɗaya don ɗansa ba lafiya ya rasa wannan zagayen kaɗai, ba za a yi fushi da shi a daina kiransa har shekara ba, kamar yadda ake yi yanzu a wurare da yawa.

Ba ina nufin a kashe zumuncin wurin aiki ba ne. Musulmi ya riƙe wa Kirista aiki ranar Kirsimeti, shi kuma ya rama masa ranar Sallah, wannan abu ne mai kyau da babu dokar da ta koya mana. Abokan aiki su bar wa wanda aka yi wa haihuwa awanninsu na mako don ya samu na rago, shi ma haka. Amma mutum ba ya kyauta sai da abin da ya tabbata nasa ne. Idan akwai jadawali a bango, na san Asabar ɗin nan tawa ce, ni na bar wa Malam wane da hannuna, a rubuta, ladan kuma nawa. In babu, oga ne ya ɗauki rabona ya yi alheri da shi.

Shi kansa ɗan lelen da ake tara wa awanni ba gata ake yi masa ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma haɗarin shanyewar yana ƙaruwa da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu awa 35 zuwa 40. Mai gadin da ya haɗa dare da rana, ko ma'aikaciyar jinyar da ta zarce daga aikin dare zuwa na safe, ba lafiyarsu kaɗai ke cikin haɗari ba, har da ta waɗanda aka ba su tsaro ko jinya.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun zuba ƙarfinsu a kan adadin albashi, kuma sun yi daidai. Sai dai rassansu na cikin masana'antu ba sa buƙatar jiran Abuja a kan wannan. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya riga ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da yadda ake lissafin kuɗinsa da awanninsa. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago da ya kamata su bi su duba wannan ba a cika ganinsu a ƙofar masana'anta ba, don haka nauyin ya dawo kan wakilan ma'aikata. A zama na gaba da hukumar kamfani, su nemi a rubuta farashin awa, su nemi tankifa ya liƙa sunaye da awannin kowa a inda ake buga katin shiga, ana sabunta shi duk mako, da na Asabar da na daren Sallah a takarda ɗaya.