Aikin Gayya da Tsuntsayen Dutsen Kura

Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, gini ke ta cin fili a Dutsen Kura, ɓangaren Hausa da na Gwari duka. Inda da ake noman doya da dawa, yau bulo ne da kwano. Ɗan koren da ya rage yana harabar makarantu, da bakin magudanan ruwa, da filayen da masu su ba su samu kuɗin gini ba tukuna, sai kuma makabarta.

A nan ne sauran halittu suka fake. Da sassafe za ka ga balbela na kiwo a ciyawa, kurciya na kuka a kan dogon yaro, bushiya kuwa sai dare ya yi take fitowa. Idan mangwaro ya nuna, jemagu su zo da magariba, su sha, su tafi da ƙwayar wasu itatuwan su watsa a wani wuri.

Masu kula da waɗannan wurare ba albashi suke karɓa ba. Liman ya yi sanarwa bayan sallah, mai unguwa ya sa baki, matasa su fito da fartanya da adda da baro, su kwashe ledar ruwa da ta toshe kwalbati. Dattijo na tsaye yana cewa, "Sannunku da aiki, samari, Allah ya yi albarka." Wannan gayya abin alfahari ce.

Sai dai akwai gyara. A wurinmu tsafta ita ce a bar ƙasa fayau, don haka da kaka ta yi sai a cinna wa ciyawa wuta saboda tsoron maciji. Tsoron gaskiya ne, amma wutar ba ta zaɓe: tana cin sheƙa da ƙwai, ta ƙone ƙananan kaɗanya da ɗorawa da suka tsiro da kansu, ta kori ƙudan zumar da ke sa itatuwa yin 'ya'ya. Ungulu ma, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Gyaran shi ne a sassabe hanya da gefen gidaje, a bar kusurwa ɗaya da ciyawarta. Shukar da aka dasa a damina a kewaye ta da ƙaya saboda awaki, a ba wani gida amanar ba ta ruwa har watan Afrilu. Iyaye kuma, don Allah a karɓe danƙon harbin tsuntsu daga hannun yara.